Ƙarar da Ke Tashin Basiru

Tun da aka sallamo Basiru daga asibiti, wuri ɗaya yake zama: kan katifa, bayansa jingine da bango, idonsa a kan labulen taga. In Ma'u ta ba shi abinci ya ci, in ta kama hannunsa zuwa banɗaki ya bi ta. Magana kuwa sai dai "to" da "a'a". Likita ya ce raunin kansa ya warke ta waje, amma na ciki sai a hankali, kuma bai ce yaushe ba.

Kafin wannan, Basiru mai kula da sito ne a wani kamfanin tayil da ke Birnin Masana'antu na Biyu, can kudancin Riyad. Wata safiya ana sauke kaya, igiya ta tsinke, kwalaye suka rufto masa. Abokan aikinsa ne suka zo har ɗakinsu na haya a unguwar Shumaisi suka shaida wa matarsa Ma'u. Su biyu ne kawai a ɗakin, domin 'yarsu Mubina tana Funtuwa wajen kakarta Hajjo, mahaifiyar Basiru, inda take makaranta.

Akwai wata tsohuwar kwamfuta baƙa mai nauyi da Basiru ya sayo ta hannu a kasuwar Batha. Da yana lafiya, kullum bayan sallar asuba sai ya kunna ta ya duba motocin da za su yi lodi ranar, yana kurɓar shayi, kafin motar kamfani ta zo. In aka kunna ta, sai ta yi wani ɗan kiɗa mai tashi sama, gajere, sannan fuskarta ta buɗe. Da ita kuma suke ganin Hajjo da Mubina duk Juma'a, in ƙanin Basiru ya kai musu tasa kwamfutar gida.

Juma'ar farko bayan dawowarsa, Ma'u ta ɗauko ta ta danna. Kiɗan nan yana tashi, sai ta ji motsi a bayanta. Basiru ne tsaye, shi da sai an ɗaga shi.

"Ma'u, ina shayina? Mota za ta wuce ni."

Muryarsa ce ta da, sak. Ta saki kwamfutar ta miƙe tana cewa alhamdu lillahi. Rabon da ya kira sunanta tun ranar da ya fita aiki bai dawo da ƙafarsa ba. Amma murnar ba ta je ko'ina ba. Ya hau lalube yana neman takalmin aiki, ya zazzage akwati, ya fara faɗa wai an ɓoye masa makullin sito. Da ta tare ƙofa, ya ture ta har kafaɗarta ta bugi firji. Basiru da ko tsawa bai taɓa yi mata ba. Can sai ƙarfin ya tafi kamar an zare shi, ya durƙushe yana haki, ya riƙe kai da hannu biyu. Ranar bai ci komai ba, sai amai.

Ta ɗauka tsautsayi ne na rana ɗaya. Mako na zagayowa aka maimaita.

Sai ta shiga dabara. Ta danne kwamfutar da matashi, kiɗan ya fito ta ƙasa. Ta kai ta kicin ta rufe ƙofa, amma tsakanin kicin da ɗakin katako ne kawai. Ta yi niyyar barin ta a kunne har abada, sai ta ga in ta yi zafi da kanta take mutuwa. Maɓallin rage murya da ke gefenta ya daɗe da karyewa. Duk rubutun cikinta kuma Larabci ne, Ma'u kuwa Larabcinta na karatun Alƙur'ani ne da na cinikin tumatir. Tana iya haɗa baƙaƙen, amma ba ta san abin da suke nufi ba, tana kuma tsoron ta taɓa wani wuri ta rasa fuskar 'yarta gaba ɗaya. Wayarta ƙarama ce, ba ta hoto.

Barin kiran ma ba zai yiwu ba. Hajjo an gaya mata ɗanta ya ji ciwo kaɗan a wurin aiki, yana samun sauƙi. Duk Juma'a Ma'u takan ce yana barci, ko ya tafi masallaci bai dawo ba, sai tsohuwar ta ce, "To, Allah ya ƙara afuwa. Ki gaishe shi."

Abin da ya fi tsorata ta ya faru ne wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, rana na tafasa kwalta. Ta kunna kwamfutar a kicin, ta lulluɓe ta da bargo, tana ganin ta yi nasara. Tana cikin gaisawa da Mubina ta ji iska mai zafi ta shigo. Ta leƙa, ƙofa a buɗe, katifa ba kowa.

Ta zura abaya a bai-bai ta sauka da gudu. Titi fayau, shaguna a rufe. Babu iƙama, katin izinin zama a ƙasar, a aljihunsa, babu waya, kuma in askarawa suka tare shi ba zai iya faɗin ko sunansa ba. Ta bi layin tana kiran "Abban Mubina!" har maƙogwaronta ya bushe. A bakin babban titi ta same shi, daidai inda motar kamfani take tsayawa, da singileti da zanen barci, ƙafa ba takalmi. Yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya saboda zafi, amma bai matsa inuwa ba.

"Sun makara yau," ya ce mata.

"Yau Juma'a ce, babu aiki. Zo mu tafi gida."

Ya dube ta kamar yana son tuna inda ya san ta, sannan ya ba ta hannu. Da suka koma ta ga tafin ƙafarsa duk ya yi bororo.

Washegari ta hau bene na sama wajen Fiddausi, wata budurwa 'yar Hausawa da aka haifa a nan Riyad, Larabci ya fi zama a bakinta fiye da Hausa. Ma'u ba ta son kai kukanta gidan mutane, amma ta zauna ta faɗa mata komai, har turewar da ya yi mata.

"Haba Anti Ma'u, tun yaushe kike fama da wannan ke kaɗai? Kawo ta nan, wallahi abu ne basiɗ, mai sauƙi."

A ɗakin su Fiddausi aka kunna ta, inda ba zai ji ba. Kiɗan ya tashi, Ma'u ta kasa kunne duk da ta san yana ƙasa, ƙofa kuma a kulle. Fiddausi ta shiga wurin saituna, ta buɗe sashen sauti, ta nuna mata wani ɗan akwati da alama a ciki.

"Kin ga wannan? Cewa yake a riƙa yin sauti in an kunna. Sai mu cire alamar." Ta danna, akwatin ya zama fanko. "Halas."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Bari ki gani."

Ta kashe, ta sake kunnawa. Fuskar ta yi haske, ta buɗe, shiru. Ma'u ta zauna tana kallon abin. Ta tuna ƙafar Basiru da ta shafa wa magani da safe, sai hawaye suka zubo mata, ta rasa na sauƙi ne ko na haushi.

Daga nan ɗakin ya samu lafiya. Tana kunna kwamfutar a gabansa, ko waiwayowa ba ya yi. Ba a ƙara zazzage akwati ba, ba ta ƙara kwana da makulli a ƙarƙashin matashi ba. Sai dai wani abu ya soma cin ta. Basiru bai sake miƙewa da kansa ba, bai sake kiran sunanta ba. Takan ajiye masa shayi ta tsaya ko zai ce wani abu, sai ya karɓa ya sha kamar daga hannun ma'aikaciyar asibiti. Wani lokaci tana wanke-wanke sai ta tsinci kanta tana tunanin hawa sama ta ce wa Fiddausi ta mayar da alamar, sau ɗaya tak, ta kulle ƙofa, ta ji muryar nan. Sai ta tuna amai da hakin da ke biyo baya, ta yi istigfari.

Da suka koma ganin likita ta gaya masa, wani ɗan Sudan mai furfura da ke jin Turanci, ita kuma tana haɗawa da ɗan abin da ta iya. Ta tambaye shi ko ta yi kuskure, ko wannan ƙarar ce hanyar da zai dawo.

Likitan ya juya alƙalami a hannunsa. "Ba zan ce miki e ba, ba zan ce a'a ba. Abin da na sani, tashin hankalin nan ba ya yi masa kyau. Ku riƙa yi masa magana. Mutanen da ya sani tun yana yaro, su yi masa magana."

A makon ne kuma wakilin kafilinsa, mai kamfanin da ke ɗauke da nauyin zamansa a ƙasar, ya zo, cikin ladabi, ya ce kamfani ba zai sabunta iƙamar ba, za a yi musu takardun komawa gida. Ma'u ta ce to. 

Ranar Juma'a ta yi wa Basiru aski, ta sa masa farar jallabiya da hula. Ta kunna kwamfutar, ta jira har fuskar Hajjo ta fito, tana tsinkewa tana dawowa.

"Inna, ki yafe mini. Ban gaya miki gaskiya ba. Jikin nasa ya fi yadda na ce."

"Na sani, 'yar nan," in ji Hajjo. "Wane irin barci ne ba ya ƙarewa? Nuna mini shi."

Ma'u ta ɗauki kwamfutar ta ɗora a cinyarsa, ta zauna gefensa tana riƙe da ita. Hajjo ta matso da fuskarta har goshinta ya cika allon. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta goge ido da gefen mayafi.

"Basiru. Basiru na. Ni ce."

Idonsa ya sauko daga labule a hankali. Ya kalli allon, ya kai yatsa ya taɓa shi.

"Inna," ya ce. "Baba ya dawo daga gona?"

Mahaifinsa ya rasu tun kafin a haifi Mubina. 

"Bai dawo ba tukuna," in ji Hajjo. "Kai dai ka taho gida."

Basiru ya gyaɗa kai, ya mayar da idonsa kan taga. Daga can bayan Hajjo aka ji Mubina tana cewa a matsa mata ita ma ta ga Abbanta, Ma'u kuwa ta rasa ko ta bari yarinyar ta gan shi a haka ko ta hana.