Simintin Bayan Mama

Likita ya ɗaga hoton ƙashin bayan Mama, ya nuna wa Auta wata gaɓa da ta lotse kamar gwangwanin da aka taka.

"Ƙashin tsufa ne, ya yi laushi. Za mu sa allura mu ɗura masa siminti irin na asibiti, ya daskare a ciki. Gobe ma sai ta taka."

"To yaushe za ta iya goyo?"

Kafin Auta ta kama bakinta, maganar ta riga ta fita. Likita ya sauke hoton a hankali.

"Baiwar Allah, wa take goyawa?"

"Ɗana. Ni aikin banki nake."

"Gaɓa ɗaya simintin zai riƙe. Ta sake ɗaukar nauyi, na sama da na ƙasa su ma su bi."

Kunya ta rufe Auta har wuya. Ita ce fa ta ɗauko tsohuwar nan da daɗin baki, wai ta zo ta huta. Hutu kuwa! Yaron ga shi tuɓul-tuɓul, kuma in ba a baya ba, ba ya barci.

* * *

Washegari Mama ta miƙe da ƙafafunta, tana shafa baya tana dariya.

"Ikon Allah! Ashe ni ma gini ce. Saura fenti. Auta, me likitan ya ce miki a waje?"

Auta ta sunkuya tana naɗe bargon da ba ya bukatar naɗi. Hutun da aka ba ta a ofis ya ƙare. Yayyenta kuwa gaisuwar waya kawai suka iya.

"Ya ce kin warke, Mama."

* * *

Ranar komawa aiki yaron ya cukuikuye wa Auta siket yana tsala ihu. Mama ta juya mata baya, ta ranƙwafa, ta dafa gwiwoyi.

"Ɗora mini shi, kada ki makara."

Auta ta ɗaga shi. Ba ta taɓa jin nauyinsa irin na yau ba. Ta tsani hannuwanta, amma ta ɗora.

Ta ja ƙofa, ta tsaya a waje da makullin mota a hannu, ta kasa kunne. Daga ciki ta ji Mama ta ce "wash" ƙasa-ƙasa, sannan ta fara yi masa waƙa.