Ranar da Direba Ya Zauna a Tsakiyar Titi

Ina cikin fitar da burodi daga tanda wayata ta yi ƙara a aljihu. Lambar Yaya ce, amma muryar wata mata ce da ban sani ba.

"Ke ce ƙanwar makahon nan mai kare?"

Na ce ni ce.

"To ki zo mahaɗar da ke gaban kantin magani. Shi lafiyarsa ƙalau, kada hankalinki ya tashi. Karen ne ya kasa tashi, shi kuma ya ƙi sakinsa."

Na ajiye tire a kan tebur, na ba mai gidan burodin haƙuri, na fita da fulawa har gwiwar hannu.

Yayana ya makance yana da shekara talatin da ɗaya, hawan jinin ido ne ya cinye masa gani. Shekara biyu ya yi a ɗaki, ba ya fita ko bakin ƙofa. An ba shi farar sanda ya jefa ta bayan kabad, ya ce shi ba zai riƙa ƙwanƙwasa ƙasa kamar mai neman inda aka binne wani abu ba. Ni ce autarmu, iyayenmu sun rasu, don haka ni nake kai masa abinci ina dawowa da shi yadda na kai. Daga baya wata ƙungiya mai horar da karnukan jagora ta ba shi wani baƙin kare mai faɗin ƙirji. Ya sa masa suna Direba. Yakan ce duk garin shi kaɗai ne direban da bai taɓa zagin kowa a hanya ba.

Da zuwan Direba, Yaya ya koma mutum. Ya samu aiki a ofishin amsa kiran waya, yana sauraron ƙorafin masu sayen ruwan famfo daga safe zuwa la'asar, har maƙwabta suka laƙaba masa Malam Halo. Shekara bakwai suna sauko da matakala arba'in da biyu daga ɗakinsa na hawa na uku, su tsallaka titi biyu, su hau bas, su sauka, ba tare da ya buƙaci hannun kowa ba. Ni kaina sai na yi mako ban ji ɗuriyarsa ba, in na kira ya ce, "Auta, ina da aiki, ki kira masu zaman banza."

Wata uku kafin wannan rana ya kira ni da kansa, ya ce in zo in karanta masa wani abu. Na tarar da robobi huɗu a jere a kan teburinsa, kowace da hoton kare yana tsalle a kan ciyawa. Ƙwayoyin ƙarfafa gaɓoɓi ne. Ɗaya gulukosamin, ɗaya man kifi, sauran biyun haɗe-haɗe ne masu dogayen sunaye.

"Me ya samu Direba?"

"Ba komai. Yana ɗan jinkirin tashi da safe. Karanta min, guda nawa ake ba mai nauyinsa?"

Na karanta: biyu a rana, tare da abinci. Na ce ya kai shi wurin likitan dabbobi. Ya shafa murfin robar da babban yatsa, sannan ya gaya min gaskiya. Likitar da ke duba Direba ta ƙungiyar ce. In ta rubuta cewa ƙugunsa ya lalace, za su ce ya gama aiki, su ɗauke shi su ba wasu su riƙe. Shi kuma ya shiga layin jiran sabon kare, layin da ake shekara biyu a cikinsa.

"Shekara biyu, Auta. Kin san abin da shekara biyu ta yi min a wancan karon."

Na sani. Shi ya sa na yi shiru, kuma har yau shirun nan yana cina.

Da na isa mahaɗar na tarar da mutane sun yi da'ira a gefen titi. Yaya yana zaune a ƙasa, wandonsa ya yage a gwiwa, tabaransa babu, ya rungume wuyan Direba da hannu biyu. Karen yana haki, ƙafafunsa na baya a shimfiɗe gefe guda kamar ba nasa ba. Matar da ta kira ni mai sayar da jarida ce a wurin. Ita ta ba ni labari. Sun kai tsakiyar titi ƙafafun karen suka saki, ya zauna. Yaya ya ce masa, "Mu je," ya yunƙura ya sake faɗuwa. Danja ta ba motoci hannu. Aka yi ta danna masa ham ta ko'ina, wasu na leƙowa suna masifa. Sai ya durƙusa ya ɗauki karen cak, ya miƙe, ya tsaya yana juyawa, bai san ta ina gefen titi yake ba. Ita ta kutsa tsakanin motoci ta ja rigarsa.

Na durƙusa na taɓa kafaɗarsa.

"Yaya, ni ce."

"Bai ƙi ba," ya ce. "Ki gaya musu, ba ƙi ya yi ba. Sau uku yana ƙoƙarin tashi."

Wani mai tasi ya yarda ya ɗauke mu bayan uku sun ƙi. Muka shimfiɗa atamfar aikina a kujerar baya. Yaya bai ce kada a je asibitin ƙungiya ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Likitar doguwar mata ce mai magana a hankali. Ta ɗauki hoton ƙashi, ta dawo ta zauna kusa da Yaya. Da yake ba zai ga hoton ba, sai ta kama hannunsa ta dunƙule shi, ta rufe dunƙulen da tafinta.

"Haka gaɓar ƙugu take, kan ƙashi a cikin gurbinsa, da guringuntsi a tsakani kamar katifa. Na Direba katifar ta cinye a ɓangaren hagu, ta dama ma saura kaɗan. Ƙashi ne ke gogar ƙashi. Ya daɗe yana jin ciwo."

"Ina ba shi magani," in ji Yaya. Ya laluba jakarsa ya zazzage robobin a kan tebur. Sun zama bakwai. Ban san da sauran ukun ba.

Ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya tana karantawa. "Nawa kake ba shi?"

"Da farko biyu. Da na ga babu canji na mayar huɗu. Makon nan shida-shida."

"Daga kowace?"

Ya gyaɗa kai.

"Yana amai? Cikinsa na gudu?"

"Kwana biyar ke nan."

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce waɗannan ƙwayoyi ba guba ba ne in an bi ƙa'ida, wasu karnukan suna ɗan samun sauƙi da su, musamman man kifi, amma a hankali suke aiki, kuma ba sa mayar da abin da ya riga ya cinye. Yawan da ya ba shi ya ɓata masa ciki, ga shi ruwan jikinsa ya ragu, shi ya ƙara masa rauni yau. Ta ware biyu ta tura sauran gefe. Ta ce za ta haɗa masa da maganin ciwo na gaske, a rage masa ƙiba, a riƙa ɗan tattaki da shi a ƙasa mai laushi.

"To in an yi duk wannan," in ji Yaya, "wata nawa zai koma aiki?"

"Malam, ba zai koma ba."

"A yi masa aiki mana. Na ji ana sa ƙarfe."

"A shekarunsa, ko an yi, ba zai sake jan mutum a titi ba. Kuma kada ya sake hawa bene. Ko hawa ɗaya."

Yaya ya kama gefen teburin. "Likita, ki taimake ni. Kada ki rubuta. Ki ba ni wata ɗaya kawai, zan riƙa ɗaukarsa a matakala, zan canza hanya, akwai wadda babu tsallaka titi sai ɗaya. Ki ji tausayina."

Ban taɓa jin yayana yana roƙon mutum ba, ko lokacin da idonsa ke tafiya. Na juya na kalli bango.

"In ban rubuta ba," ta ce, "gobe zai sake tashi ya bi ka, don ba zai taɓa ƙi ba. Ni kuma ban san a wane titin zai zauna ba."

Aka kwantar da Direba kwana biyu ana ƙara masa ruwa. Da aka sallame shi sai matakala arba'in da biyun nan suka tsaya mana a gaba. Kare dole ya sauko sau uku a rana. Likita ta nuna mana yadda ake zura tawul ta ƙarƙashin cikinsa a ɗage bayan, amma wannan na tafiya a fili ne. A bene sai dai ɗauka. Nauyinsa ya fi na buhun fulawar da nake ɗagawa a wurin aiki, kuma buhu ba ya kuka in ka matsa masa ƙugu. Yaya ya ɗauki hutu. Yana rungumar karen, ni ina gabansa ina saukowa da baya, hannuna a ƙirjinsa, ina faɗa masa, "Taka, taka, saura uku, juya." Kullum nakan zo kafin aiki, in dawo da rana, in sake dawowa da yamma. A rana ta shida ƙafar Yaya ta zame a hawa na biyu. Ya faɗi da baya don kada karen ya bugu, kansa ya daki ƙarfen riƙo. Muka zauna mu uku a kan matakala, jini na bin bayan kunnensa.

"Ki kai shi gidanki," ya ce.

"Na tambayi baban yara. Ya ce ɗaki biyu da mutum shida, a ina zai kwanta? Kuma mai gidanmu ya hana dabba."

"To ki nemo min wanda zai yi musayar ɗaki da ni."

Na riga na bi ƙofa-ƙofa. A hawan ƙasa ɗakuna biyu ne. Ɗaya na masu jariri, sun ce a'a tun kafin in rufe baki. Ɗayan na wani tsoho ne mai gyaran agogo, wanda shagonsa da makwancinsa duk wuri ɗaya ne. Ya ce min shi da gwiwoyinsa sun yi sallama da bene tun tuni.

Ashe Baba Mai Agogo ya ji faɗuwar. Ya fito ya tsaya a gindin matakala da gilashin aikinsa a goshi.

"Malam Halo, kana raye?"

"Da sauran numfashi, Baba."

"Ku sauko min da shi nan. Ni ba na son kare, kada wani ya ce ina so. Amma na fi ƙin jin mutum yana gangarowa a kan rufina. Akwai wuri a bayan kanta. Abincinsa da ƙazantarsa naku ne."

Haka Direba ya koma shagon agogo, a kan tsohon bargo, ƙarƙashin agogon bango goma sha wani abu da babu biyun da suka yarda da juna.

Bayan mako guda malamar da ta horar da shi ta zo daga ƙungiya. Ta duba shi, ta duba shagon, ta zauna da Yaya a benci. Ta ce akwai wasu mutane masu gida da fili a wajen gari da ke son riƙe shi. In ya amince, za ta sa sunansa a gaba-gaba, wataƙila cikin wata takwas ya samu sabo. In kuma ya riƙe Direba, ba za su haɗa masa karnuka biyu a wannan yanayin ba, sai ya jira har bayan ran Direba.

"Shekara nawa ya rage masa?" in ji Yaya.

"In ana kula da shi, biyu, ko uku."

Na ce, "Yaya, ka yi tunani. Aikinka fa."

Ya yi tunanin har kwana huɗu. A na biyar na zo na tarar ya ja kabad shi kaɗai, ya fito da farar sandar, duk ƙura da yanar gizo. Ya ce in kira malamar in ce mata ta gode wa masu filin.

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Ranar da ya koma aiki ya wuce tashar bas, ya shiga wani layi da bai sani ba, ya isa ofis bayan ƙarfe goma sha ɗaya. An ba shi takardar gargaɗi a mako na biyu. Ƙaurinsa duk tabo ne, na baburan da ake ajiyewa a hanyar ƙafa da ramukan da babu murfi. Akwai safiyar da na same shi tsaye a ƙofar gida da sanda a hannu, ya fi minti ashirin ya kasa taka waje, gumi ya jiƙa masa riga. Na ce in raka shi. Ya ce in na raka shi yau, gobe ma sai na raka shi. Na bi shi a baya daga nesa har ya hau bas, ina jin kamar in kurma ihu duk lokacin da mota ta matso.

Mafi wuya shi ne fitarsa. Da Direba ya ji takunsa a matakala sai ya fara jan jiki zuwa ƙofa, yana neman a ɗaura masa kayan aiki. In Yaya ya wuce ba shi, sai ya yi ta wani siririn kuka har azahar. Baba Mai Agogo ya ce kukan na raba masa hankali, ya ɓata agogon mutane biyu. Amma na lura shi ke tura masa ƙwayar rana a cikin ɗan nama, biyu cif, yana mita.

Yanzu wata na huɗu ke nan. Direba yana iya tashi da kansa in ba a yi sanyi ba, yana zagaya tsakar gida sau biyu da tawul a cikinsa. Ko man kifin ne, ko maganin ciwon, ko ƙibar da ya rage, likita ta ce ba za ta iya rabewa ba. Ƙafar hagun dai tana ƙara sirancewa. A ofis an ce za a duba maganar Yaya a ƙarshen wata, don har yanzu yana makara kwana biyu ko uku a mako. Jiya na tambaye shi abin da zai yi in suka sallame shi. Ya ce bai sani ba, in miƙo masa tawul, lokacin tattaki ya yi.