Allin Charles

A-kori-kurata ta girmi babbar 'yata, kuma duk wani ɗan Najeriya da ke nan unguwar Setapak ya san kukanta tun daga kwana. Da ita nake kai wa ɗalibai garin kwaki da manja. Bana sai mu bakwai muka haɗu a kan sa guda na layya, a wata gona can cikin Hulu Langat, ni kuma da bakina na ce ni zan ɗauko shi. Gidaje bakwai ke nan suka rataya Sallarsu a wuyana.

Aksil ɗin baya, ƙarfen da ke riƙe tayoyin, ya daɗe yana gurnani, na san ba zai ɗauki sa ba. Na je kedai potong, inda ake yanka tsofaffin motoci ana sayar da sassansu, na zaɓo wanda ya fi kowanne kauri. Haka muke yi a gida: in ƙusoshi sun hau, magana ta ƙare. Aka ɗaura, na dawo ina hura hanci.

Charles maƙwabcina ne, mutumin Jos, ya yi shekara goma yana kanikanci kafin ya zo karatu. Ya zagaya motar sau biyu bai yaba ba.

"Nata'ala, na gaban fa?"

"Lafiyarsa lau. Wa ke taɓa na gaba?"

"Ka ƙirga?"

Ban san me ake ƙirgawa ba. A Kano giyar taimako, wadda ke sa tayoyi huɗu su ja tare, ado ce kawai, wasu ma cire farfelar gaba, sandar da ke juya tayoyin gaba, suke yi su huta.

Ya ɗage bayan motar, ya ciro guntun alli daga aljihu, ya ja layi a taya da farfela. Ya ce mu juya tayoyin zagaye ɗaya. Farfela ta juya kusan sau biyar. A gaba kuwa huɗu da 'yar ɗoriya.

"You see am? Gaba da baya ba gudu ɗaya za su yi ba. Ka sa taimako da kaya a kai, giya ta fashe. Cannot lah."

Raina ya ɓaci, saura kwana huɗu Sallah. Na ce ni a kwalta nake tafiya. Ya tambaye ni ko gonar ma a kan kwalta take.

Asabar ɗinsa gaba ɗaya ta tafi a kedai potong, sai da ya tono na gaban motar da aka ciro nawa daga jikinta. Lahadi daga coci ko gida bai shiga ba, ya tuɓe rigarsa mai kyau ya kwanta ƙarƙashin mota. Ni ina miƙa sifana ina ƙunƙuni.

Ranar jajibere muka loda sa da hantsi, sai ruwa ya ɓalle. Hanyar fita daga gonar hawa ce, jar laka zalla, ga rafi a ƙasa. A tsakiyar hawan tayoyin baya suka fara juyi a banza, motar tana zamewa baya, san yana buga ƙafa. Tsoro ya kama ni sosai. Na kama ƙaramar giyar da ban taɓa taɓawa ba, na yi bismilla na ja. Motar ta ɗan yi jim, sannan ta haye a hankali, ko tari ba ta yi ba.

Ranar Sallah na ɗauki cinyar da ta faɗo a rabona na hau bene. Patience, matarsa, ta ce ai wannan ya yi yawa. Charles ya leƙo daga bayanta.

"Ka sa taimakon?"

"Na sa."

"Ta yi ƙara?"

Na shirya godiya mai tsawo tun daga gona. Amma sai kawai na ce, "Yallaɓai, allin nan naka, in ba ka amfani da shi, ina so."