Makon Hutun Auta

Akwai ɗanyar laka a ƙasan takalmin Auta. Koci ya lura da ita ne lokacin da yarinyar ta zauna a kan benci tana kwance igiya. A filin wasan nan babu laka, jar roba ce shimfiɗe, kuma wannan makon ma ba na gudu ba ne.

"Ina kika samo laka?"

"A hanya, Koci."

"Ba motar haya kika shigo ba?"

"A cikin motar ne."

Ya durƙusa ya danna ƙwaurinta na hagu da babban yatsa. Ta ce "wash", sannan ta ce ba ita ta ce ba.

A bangon ɗakin ajiyar kaya, Koci ya zana shekarar Auta kaf da fenti. Watannin farko kore ne, gudu mai tsawo a hankali don gina jiki. Sai rawaya, ɗaga ƙarfe da hawan tudu. Sai ja, gudun wuta. Tsakaninsu akwai fararen layuka, makonnin hutu, waɗanda ya fi alfahari da su fiye da sauran launukan. Farin ƙarshe shi ya fi faɗi, kuma a bakinsa Asabar take, ranar tseren da za a zaɓi 'yan tawagar ƙasa. Bana ce shekarar Auta ta ƙarshe a rukunin matasa. In ba a ɗauke ta ba, shagon yayarta na jiran ta, da kujera da kwalin katin waya.

Da yamma ya tafi gidansu. A ƙofar gida ya tarar da mahaifinta, tsohon direban bas, ya naɗe hannun riga yana wanke babur. Koci ya dubi tayar. Lakar iri ɗaya ce.

"A'a, Koci! Yau kai ne a gidanmu? Bismillah, shigo. Umman yara, ga malamin Auta."

Suka zauna a falo ƙarƙashin fanka mai tari. Umma tana guga a gefe. Ta gaishe shi, ta ajiye masa ruwa, ta koma kan gugarta. Auta ta leƙo daga ɗaki, ta ga wanda ya zo, ta koma.

"Baba," in ji Koci, "Auta tana hutu ne wannan makon."

"Haka ta ce mini."

"Amma ƙafarta ta ce mini wani abu dabam."

Baba ya gyara zama, fuskarsa cike da jin daɗin wanda aka gano alherinsa. "To, tunda ka gani. Da asuba nake tashin ta, mu nufi gadar sama. Ta hau, ta sauko, ta hau, ta sauko. Ina biye da ita a babur ina yi mata hon."

"Hon?"

"In ta rage gudu."

Koci ya kurɓi ruwa. Ya yi bayani a tsanake, kamar yadda yake yi wa sababbin masu horarwa: cewa ba a lokacin wahala jiki yake ƙaruwa ba, sai a lokacin da ya huta daga wahalar, cewa duk shekarar nan an yi ta ne domin kwanakin nan, a sauke gajiya, ƙarfi ya taso ranar Asabar, ba Laraba ba.

Baba ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai.

"Koci, ka taɓa ajiye mota mako guda?"

"Auta ba mota ba ce."

"Batir ne zai sauka. Ranar da kake buƙatarta, sai turi."

"Mota ma ai ana kai ta sabis."

"Sabis yini ɗaya ne. Wanda ya wuce haka, bakanike ne yake cin ka." Ya yi dariya shi kaɗai. "Ni ban ga laifinka ba, wallahi. Yara sun yi maka yawa, dole ka riƙa ba su hutu kai ma ka huta. Shi ya sa nake toshe maka gurbin. Tun farkon shekara ban taɓa fashi ba."

Fanka ta yi tari. Koci ya ajiye kofin a hankali.

"Tun farkon shekara?"

"Duk sanda ta ce makon farin layi ne. Ba na so ka yi godiya, 'yata ce."

Koci ya tuna taron masu horarwa da aka yi watan jiya, inda ya tsaya gaban allo da sanda yana nuna yadda gudun Auta yake gyaruwa bayan kowane farin layi. An tafa masa. Wani ma ya ɗauki hoton bangon.

"Baba, ƙashin ƙwaurinta ya fara ciwo. In ta ƙara hawa gadar nan, ranar Asabar a kan kujera za ta kalli tseren."

"Ciwo? Auta! Ƙafarki na ciwo?"

Daga cikin ɗaki aka ce, "A'a, Baba."

"Ka ji ko?"

Umma ta juya riga, ta danna mata dutsen guga. "Jiya da rarrafe ta shiga banɗaki," ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba.

"Wannan santsi ne," in ji Baba. "Ke dai yi gugarki. Koci, kwantar da hankalinka. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Gobe da jibi ne kawai, Juma'a zan bar ta ta huta har azahar."

Koci ya ture kofin gefe. Ya horar da masu taurin kai da yawa a rayuwarsa, amma dukkansu yana da usur a kansu. Ya miƙe.

Baba ya raka shi har tsakar gida, yana ba shi labarin yadda ya taɓa tuƙa bas kwana da yini ba tare da ya kashe inji ba, sannan wayarsa ta yi ƙara ya tsaya amsawa. Umma ta fito da baƙar leda a ɗaure.

"Ga wannan, ka kai wa maiɗakinka."

"Umma, har da ɗawainiya?"

"Ba yawa. A dawo mini da ledar ranar Asabar."

Ledar ta fi ƙarfin tsaraba nauyi. A bakin ƙofa ya ɗan sassauta ƙullin ya leƙa. Takalmin gudu ne ƙafa biyu, lakarsu ta bushe, kuma a cikin na hagun akwai makullin babur.

Baba ya ɗago masa hannu, waya a kunne, yana nuna masa da yatsa ya jira, labarin bai ƙare ba. Koci ya ɗaure ledar, ya sa ta a hammata, ya ratsa ta gefen babur ɗin da ke ɗigar ruwa, ya fita.