Kifin da Baba Ya Goge

"Da me ka goge shi, Baba?"

"Da sanfefa mana, Auta, sannan na bi da ruwa," in ji tsohon, yana murmushin mai jiran yabo. "Taɓa ka ji. Sumul, kamar kumatun jariri."

Auta bai taɓa ba. Ya ƙura wa falalen dutsen da ke kan teburinsa ido, dutsen da shi Auta ya sha rana da cizon sauro kafin ya haƙo shi a gindin wani tsauni cikin kurmi. Da safe akwai kifi kwance a jikinsa, kifin da laka ta binne tun duniya ba ta san ɗan Adam ba har ya koma dutse, ƙayoyinsa reras, ga wani ganye ya lanƙwaso kusa da wutsiyarsa kamar ya rako shi kabari. Yanzu sai dutse fes.

A durƙushe Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana goge daɓen gidajen mutane, da haka ya kai yaron nan jami'a. Tun da idonsa ya yi hazo 'ya'yansa ke miƙa shi hannu zuwa hannu, har ya faɗo gidan Auta. Yau ya shigo kakkaɓe ƙura, yatsunsa suka ci karo da kaushi, shi kuwa hannunsa bai iya wuce kaushi ba. Ya ce a ransa, bari in yi wa yaron nan abin da na iya, ya san ubansa ba cima-zaune ba ne.

"Kaushin nan shi ne kifin," in ji Auta, murya ƙasa-ƙasa. "Tsauni ya danne shi, ruwa ya bi ta kansa, zamani bayan zamani, ko ƙaya ɗaya bai rasa ba. Sai da ya gamu da kai."

"To... ba a samo wani?"

Auta ya yi wata dariya mai sanyi. "A kasuwa ko? Manya za a zaɓo maka ko ƙanana?"

Tsohon ya mayar da hannayensa baya. Garin dutsen na nan maƙale a farcensa. Ashe kifin ne.

"Ɗana, ni dai gyara na yi niyya..."

Auta bai ko dube shi ba. Ya leƙa ƙofa ya ƙwala wa matarsa kira.

"Haɗa wa Baba kayansa. Yau zan mayar da shi wurin Yaya, tana so ko ba ta so. Ba zai sake kwana a gidan nan ba."