Azahar Biyu a Layi Ɗaya

Da gwamnati ta sakar wa 'yan kasuwa harkar wutar lantarki, wani kamfani ya zo Ɗanzomo ya kafa faifan sola a bayan kasuwa, ya ja layi zuwa shaguna. Injiniyarsu, Tayyiba, ta yi gargaɗi tun ranar farko: layin ba zai ɗauki injin niƙan Ubale da injin waldar Manu a lokaci guda ba. In wuta ta faɗi sau uku a wata, za a cire masu injina daga layin.

Haladu, shugaban kwamitin masu shaguna, ya ce a bar masa. Ai shekara ashirin ya yi yana hawa turakun wuta kafin ya yi ritaya, kuma bai taɓa bari kowa ya manta ba. Ya rubuta jadawali da hannunsa: niƙa daga safe zuwa azahar, walda daga azahar zuwa magariba. Ya manna a jikin rumfa, ya ja da baya yana yaba kansa.

Ran Talata wuta ta faɗi. Ran Asabar ta sake. Haladu ya turo hula gaba ya shiga farautar ɓarawon wuta. Ya leƙa firjin mai ƙanƙara, ya zargi tela da ɓoye dutsen guga, har rishon lantarkin tasa matar sai da ya ƙwace ya kulle. Jadawalin kaɗai ne bai tuhuma ba.

Ta ukun ta faɗi wajen ƙarfe biyu, Tayyiba na tsaye a wurin, injinan biyu duk a kunne.

"Malam Manu, me ya sa ka kunna?" ta tambaya.

"Na yi azahar, Injiniya. Masallacinmu ƙarfe ɗaya muke yi."

"Mu kuwa sai biyu da rabi," in ji Ubale. "Ko kira ba a yi ba."

Ta juyo wajen Haladu. "Kawu, azahar ɗin wa ka rubuta?"

Kunya ta rufe Haladu. Shi da yake bin duk masallacin da ya dace da barcinsa na rana, ya san wannan bambancin tun ba a haifi yarinyar ba. Ya roƙa, ta ce yarjejeniyar ba a hannunta take ba.

Washegari aka yanke layin injinan. Ubale da Manu, da suka shekara goma ba su tsaya sahu ɗaya ba, suka zo taron kwamiti bakinsu ɗaya: a sauke Haladu. Da aka ce a ɗaga hannu, nasa ne ya riga na kowa.