Alli a Wilin Keke

Natsuwar Auta ce ta fara tayar wa Tela hankali. Ƙanensa ne ciki ɗaya, tare suke riƙe da shagon ɗinki, kuma bai taɓa ganinsa ya zo aiki a kan lokaci ba. Kullum sai rana ta take yake faɗowa a guje, waya a kunne, su buɗe yini da cacar baki. Kwatsam mutum ya canza. Tela zai iso ya tarar da shago a share, taga a buɗe, Auta na yanka yadi yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir.

Mai gyaran waya na shagon kusa ne ya rura wutar.

"Tela, tun duku-duku nake jin kukan keken ɗinki a shagonku. Ni dai ban ce komai ba."

"To yanzu me ka ce?"

"Haka abokin aikina ya fara, kafin ya kwashe min mutane ya buɗe nasa."

Maganar ta tsaya wa Tela a rai. In Auta ya ɓalle, shagon ya mutu, ya san haka ko da bakinsa bai taɓa furtawa ba. Masu kawo ɗinki yanzu Auta suke nema tun daga ƙofa.

Da yamma kafin su rufe, ya ɗauki allin zana yadi ya ja ɗan layi a saman wilin kekensa. Washegari layin ya koma ƙasa. Kekensa ma, ba na Auta ba. Wato ɗinkin ɓoye ake yi, da zarensa, da allurarsa.

Kashegari shi ya riga kowa. Ya buɗe shago, ya mayar da ƙofa, ya shige bayan labulen da ake gwada kaya, ya lafe yana leƙe ta gefe.

Auta ya shigo. Ko kallon wayarsa bai yi ba, ya jefa ta a durowa ya rufe. Wayar da ba a so a gani ke nan, in ji Tela a ransa. Auta ya buɗe taga, ya yi shara, ya dafa shayi, ya zauna yana kurɓa yana kallon titi. Tela ya kasa kunne yana jiran takun wanda za a haɗa baki da shi. Shiru. Ƙafarsa ta fara sagewa.

Can Auta ya miƙe, ya saukar da rigar da Tela ya ɗinka jiya, ya juya cikinta, ya ɗaga ta saitin taga. Tela ya ga abin da hasken ya nuna: ɗinkin wuyan ya karkace kamar sawun maciji. Auta ya sa tsinin almakashi ya farke shi a hankali, ya zauna a keken yayansa ya sake bi, ya mayar da rigar inda take. Sannan ya ɗiga wa keken mai, ya zura zare a allura, ya gyara shi tsaf.

Sai a lokacin Tela ya tuna rabonsa da fama da kafar allura da safe, yana tsaki yana zagin masu yin ta. Ya ɗauka idonsa ne ya warware.

Wayarsa ta ɗauki ƙara a aljihu.

Auta bai ko juyo ba. "Yaya, fito hakanan. Shayinka na hucewa."

Tela ya fito yana ɗingishi. Kofi biyu ne a kan tebur.

"Tun yaushe ka san ina nan?"

"Labulen nan bai kai ƙasa ba, kai ka ɗinka shi. Kuma na ga allinka a wili."

"Aka ce min shago za ka buɗe."

"Na yi niyya." Auta ya tura masa kofin. "Har wuri na duba. Ihun safiyar nan ne ya ishe ni, Yaya, kai da allura, ni da waya. Sai na ce bari in gwada zuwa kafin duniya ta tashi, in ga ko aikin ne na tsana ko hayaniyar. Ashe hayaniyar ce."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ina nan. Amma za ka je a duba maka ido, na gaji da farke wuyan riga. In kuma za ka riƙa zuwa da wuri, waya a durowa, ba magana sai kofi ya ƙare."

Wayar ta sake ƙara. Tela ya dubi sunan: mai gyaran waya ne, yana son jin yadda ta kaya. Ya ja durowa ya jefa ta kusa da ta Auta. Ya zauna, ya kurɓi shayi, ya sa babban yatsa ya goge allin da ke jikin wilin.

"Wurin da ka duba ɗin," ya ce, "a wane layi yake?"

Auta ya nuna masa kofin. Ko rabi Tela bai sha ba.